Laravel ne ko Django ko Next.js? Yanda za ka zaɓi firemwok kafin ka fara rubuta kod

Duk wanda ya taɓa zama inda masu kodin suke haɗuwa a garin nan na Jos, a nHub ne ko cikin ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Jos, ya san wannan gardamar ba ta ƙarewa. Wannan ya ce Laravel, wancan ya ce Django, wani ya ce ai yanzu Next.js ake yayi, can kuma ka ji wani yana rantsuwa wai PHP ya mutu tuntuni. To ni dai bari in faɗa maka tun daga farko, a cikin manyan firemwok ɗin nan babu wanda zai kasa ɗaukar irin aikin da ake kawo mana. Instagram da Django aka gina shi, Shopify da GitHub a kan Rails suke, balle fotal ɗin makarantar da ɗalibanta ba su kai dubu ba. Abun da zai raba maka gardama shi ne wa zai riƙe aikin bayan ka miƙa shi, a ina zai zauna, kuma da wane irin kuɗi za a dinga biyan hayar wajen.

Ga wanda yake sabon shiga, firemwok kamar kango ne da aka riga aka zuba masa fandesho aka ja wayar wuta da famfo, kai sai dai ka tsara ɗakuna. Shiga da fasawod, magana da databes, karɓar fom, kare shafi daga 'yan kutse, duk an riga an rubuta maka su. Kowanne kuma da yaren kodin ɗinsa: Laravel na PHP ne, Django na Python, Next.js na JavaScript.

Don kar maganar ta zama ta iska bari mu ɗauki misali. A ce wata makaranta ce mai zaman kanta a wajen Bauchi Road, boko da islamiyya a haɗe, mai makarantar yana so malamai su dinga shigar da maki, iyaye su duba rizol a wayarsu, kuma a biya kuɗin makaranta ta intanet a huta da yawo da risit.

Mataki na farko, rufe laftof ka ɗauki biro

Ka zauna da mai makarantar da kuma wanda zai yi amfani da abun kullum, galibi wani malami ne ko akawu, ba shi Alhajin ba. Ka rubuta su wa za su shiga, kuma kowa me zai yi. Malami ya shigar da makin ajinsa kaɗai, shugaban makaranta ya amince kafin a saki, uba ya ga na 'ya'yansa kaɗai, akawu ya ga wanda ya biya da wanda ake bi. Sannan ka tambayi abubuwan da mutane ba sa faɗa sai aiki ya yi nisa: za a buga rizol a takarda? akwai Larabci a ciki? za a tura wa iyaye saƙon tes? akwai tsofaffin bayanai a Excel da za a kwaso? yana tunanin manhajar waya nan gaba ko kawai ya ji ana faɗa ne?

A nan kuma za ka gane ko ma aikin yana buƙatar firemwok. In duk abun da ake so hotunan makaranta ne da sanarwa da lambar waya, malam ka sa WordPress ka karɓi kuɗinka ka tafi. Tun 2003 yake nan, sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke, ba abun kunya ba ne. Amma na makarantarmu akwai izini kala kala da lissafi da kuɗi, to wannan kam sai an gina.

Mataki na biyu, wa zai riƙe shi

Yaren da hannunka ya faɗa a kai shi ne ɗan takara na farko. In shekara biyu kana rubuta PHP, aikin kwastoma da ya ba ka wata biyu ba wajen koyon sabon yare ba ne, ka koya a naka aikin da babu mai kiranka da asuba. Sai kuma tambaya ta biyu wadda yawancinmu ba ma son yi: in ka samu aiki a Abuja ko aka tura ka bautar ƙasa wata jiha, wa mai makarantar zai kira? Gwajin mai sauƙi ne, ka shiga guruf ɗin WhatsApp na masu kodin da kake ciki ka ce kana neman wanda zai iya gyara aikin kaza, ka ga hannu nawa za a ɗaga. A ganina a nan Jos masu PHP da JavaScript sun fi sauƙin samu, masu Python na biye saboda yara da yawa da shi suke fara koyo yanzu. Rails kuwa, wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, kaya ne mai kyau wallahi, amma in ka gina da shi ka tafi to ka bar bawan Allah da neman mai gyara har Legas.

In kuma aikin na wata hukuma ce ko babban kamfani, kafin ka yi mafarkin komai ka je sashen kwamfutarsu ka tambaya me suke amfani da shi. In duk kayansu na Microsoft ne to ASP.NET Core za ka yi, in Java ne Spring Boot, ra'ayinka bai shigo ciki ba.

Mataki na uku, inda zai zauna da kuɗin haya

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, don nan ne ayyuka suke mutuwa bayan shekara ɗaya. Hanya uku ce a gabanka.

Akwai hostin na haɗaka mai cPanel, wato ku da yawa ku yi hayar waje a saba ɗaya, injin da shafi yake zama a kai, irin wanda kamfanonin gida kamar Whogohost (wanda ya koma GO54) da QServers suke sayarwa. Da naira ake biya, sau ɗaya a shekara, mai makarantar da kansa zai iya tura kuɗin daga wayarsa. Wannan wajen an gina shi ne don PHP da MySQL, shi ya sa Laravel yake zama a ciki ba tare da rigima mai yawa ba, amma kar ka biya sai ka tambaye su abu uku: wace sigar PHP suke da ita, don Laravel 11 da 12 duk suna buƙatar 8.2 ko sama, suna ba da SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa ka ba ta umarni, kuma za ka iya sa cron, mai tada aiki a kan lokaci, ya dinga tashi duk minti ɗaya? Na ukun nan yana da muhimmanci saboda a hostin na haɗaka ba a barin wani aiki ya yi ta gudu a bayan fage ba tsayawa, to in za ka tura tes ga iyaye ɗari biyar sai dai ka jera saƙonnin a databes cron ya dinga zuwa yana kwashewa kaɗan kaɗan. Kuma ka tabbata domen ɗin yana kallon folda public ne kaɗai, in ka zube duk aikin a public_html to fayil ɗin .env mai ɗauke da fasawod ɗin databes da makullin Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, zai iya zama a buɗe ga duk wanda ya san adireshin.

Django da Node, wato JavaScript na saba, su ma suna iya zama a cPanel in kamfanin ya kunna wajen girka Python ko Node, amma zaman haƙuri ne, ba ka da ikon girka komai a kan injin, kuma ranar da ya tsaya sai ka buɗe tikiti ka jira.

Hanya ta biyu VPS, wato a ba ka injin Linux naka kai kaɗai. Komai zai yi gudu a nan. Ƙaramin na DigitalOcean yana farawa daga dala 4 zuwa 6 a wata, ka ji kamar ba kuɗi ba, amma dala ce, kuma duk wanda yake biyan saba da dala ya san abun da ya same shi bayan Babban Banki ya saki naira a watan Yuni 2023. Ga kuma batun kati, yau katin naira ya wuce gobe a ce an ƙi. Bayan kuɗi akwai aiki: kai ne za ka girka Nginx, kai ne za ka sabunta injin, kai ne mai bakof. In ba ka taɓa yi ba ka sa wannan a lissafin lokacinka.

Ta uku su Vercel da Render da ire-irensu, ka tura kod GitHub su ɗora maka. Daɗi kam akwai. Sai dai ka karanta sharuɗɗa, tsarin kyauta na Vercel ba na aikin kasuwanci ba ne, na biya kuma dala 20 ne a wata kan kowane mutum, databes kuma daban. Kuma kyauta ba ta da tabbas, Heroku ya rufe tsarinsa na kyauta a watan Nuwamba 2022, mutane da yawa suka kwashi kaya ba shiri.

Wani zai ce to a ajiye kwamfuta ɗaya a ofis ɗin makaranta mana ta zama saba. In ma'aikata ne kaɗai za su yi amfani da ita a cikin harabar, kuma akwai sola, babu laifi. Amma uba da yake Bukuru zai duba rizol ƙarfe goma na dare, ba za ka jingina wannan da wutar JED ba.

To ka tambayi mai makarantar kai tsaye, Alhaji nawa za ka iya biya duk shekara ko ina nan ko ba na nan? Amsarsa kaɗai za ta iya zubar da rabin jerin da ke hannunka.

Mataki na huɗu, gida ɗaya ko gida biyu

Yanzu yayin da ake yi shi ne a raba aiki biyu, React a gaba yana zana shafi a burauza, API a baya yana miƙo masa bayanai. React ɗin Facebook ne suka fitar a 2013 don matsalar shafi mai motsi da yawa irin nasu. Kai kuma in kai kaɗai ne, raba aikin yana nufin ka rubuta tantance fom sau biyu, ka ɗora abu biyu a saba, ka yi ta fama da tokin da CORS, wato izinin da gaban yake buƙata kafin ya yi magana da bayan, kuma uwar yara da take riƙe da ƙaramar Itel tana saye data na naira ɗari biyu sai ta sauke tarin JavaScript kafin ta ga makin ɗanta. Wasu ma har yanzu da Opera Mini suke shiga, shi kuwa ba kowane JavaScript yake ɗauka ba.

Ga fotal irin wannan ka bar saba ta haɗa shafin ta turo shi a gama, da Blade a Laravel ko tamfilet ɗin Django. Inda kake son ɗan motsi, kamar malami yana shigar da maki jimla tana canzawa, Livewire ko htmx sun isa. Rabawa tana da ma'ana ne in da gaske akwai manhajar Android da za ta ci daga API ɗaya, ko kuna da mutum biyu kowa da ɓangarensa, ko shafin irin wanda ake jan abu ana ajiyewa ne kamar taswira ko allon zane.

Mataki na biyar, rage su zuwa biyu

Django ya fito ne a 2005 daga ɗakin labaran wata jarida a Kansas ta Amurka, shi ya sa ya zo da shafin admin a jikinsa, ka rubuta fasalin teburanka kawai sai ga wajen shigar da ɗalibai da bincike da izini. Ga aikin da rabinsa shigar da bayanai ne wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Laravel na Taylor Otwell ya zo a 2011, ba shi da admin a jiki amma wani fakej mai suna Filament ya toshe wannan gurbin, kuma layin aiki da tura imel da tsara lokaci duk suna ciki. Express na Node kusan fanko yake zuwa, kai za ka zaɓo komai da komai, wanda ya ƙware zai ji daɗi, sabon shiga kuma zai manta da wani abun tsaro bai sani ba. Flask na Python ma haka. FastAPI na 2018 ya dace da API zalla, musamman in akwai wani aikin Python a baya. Next.js na 2016 yana haskawa inda ake son Google ya ga shafi kuma gaban yana da ado, kamar shagon intanet, amma yana saurin canza salo daga siga zuwa siga, koyarwar YouTube ta shekara biyu baya sai ka ga ba ta yi daidai da abun da ke gabanka ba.

Ga makarantarmu biyun da suka rage Laravel da Django ne.

Mataki na shida, gwada su da wajen da ya fi wuya

Kar ka gwada da shafin shiga ko jerin sunaye, kowanne zai yi wannan. Ka ware kwana biyu ko uku, ka gina abu huɗu a kowanne, kuma ka ɗora a kan ainihin hostin ɗin da za a biya, ba a laftof ɗinka ba.

Na ɗaya biyan kuɗi. Ka buɗe asusun gwaji na Paystack ko Flutterwave ko Monnify. A Paystack da kobo ake tura adadi, naira 45,000 za ka rubuta 4500000, kai ma a databes ka ajiye kobo a matsayin cikakkiyar lamba kar ka yi amfani da float, wato lamba mai ɗigo. Kar ka yarda da burauza in ta dawo ta ce an biya, netwok yana iya yankewa kafin ta dawo, kuma ana iya yi maka ƙarya. Webhuk za ka saurara, wato saƙon da Paystack yake turo wa sabarka kai tsaye in an biya. Paystack yana sa hannu a saƙon da HMAC SHA512 da makullinka na sirri, yana turo sa hannun a x-paystack-signature, sai ka lissafa naka ka gwada. Dole ka cire adireshin da webhuk yake shigowa daga kariyar CSRF, wadda take korar saƙon da bai fito daga shafinka ba, a Laravel da Django duka, in ba haka ba za su dinga korar saƙon. Kuma saƙo ɗaya yana iya zuwa sau biyu, don haka lambar shaidar biya ta zama ba ta maimaituwa a tebur, kar a rubuta wa mutum ya biya zango biyu. In makarantar ta gwamnatin tarayya ce kuma to maganar Remita ce saboda TSA, wato asusun gwamnati na bai ɗaya, ka fara neman takardunsu da wuri.

Na biyu takardar rizol ta PDF, kuma a nan ne za ka sha mamaki. Ka sa suna mai ƙ da ɗ da ɓ, ka sa darasi da Larabci. A Laravel yawanci dompdf ake ɗauka, da rubutunsa na asali haruffan nan alamar tambaya za su fito, sai ka koma DejaVu Sans da yake zuwa tare da shi. Larabci kuwa dompdf ba ya haɗa shi daidai, mPDF ne yake iyawa. A Django WeasyPrint yana fitar da takarda mai kyau amma yana buƙatar wata manhaja mai suna Pango a kan injin, abun da ba za ka iya girkawa da kanka a cPanel ba. Ka ga wannan kaɗai zai iya yanke hukunci. Databes ɗin ma ka tabbata tsarin haruffansa utf8mb4 ne ba latin1 ba. Wani ƙaramin abu, slugify na Django, mai mayar da suna adireshin shafi, yana zubar da haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ gaba ɗaya, Ɗanladi sai ya koma anladi a adireshi, sai ka kunna allow_unicode ko ka maye haruffan da kanka.

Na uku shiga da lambar waya, don iyaye da yawa ba su da imel ko sun manta fasawod ɗinsa. Laravel da imel yake zuwa, sai ka canza. A Django ka ƙirƙiri naka tsarin mai amfani tun ranar farko kafin ka yi migireshan ko ɗaya, wato kafin ka ƙirƙiri teburan databes, canza shi a tsakiyar aiki wahala ce ta gaske. Na huɗu kwaso Excel ɗin makarantar na gaske, da duk tarkacen da ke ciki, suna ɗaya an rubuta shi kala uku. Laravel Excel da django-import-export duk suna yi.

Da ka gama ka buɗe DevTools na Chrome ka rage gudun netwok zuwa 3G ka ga daƙiƙa nawa rizol yake ɗauka, ko ma ka ari wayar mai gadi ka gwada. Af, su biyun duk da agogon UTC suke zuwa, ka mayar Africa/Lagos, in ba haka ba wanda ya biya sha biyu da rabi na dare risit ɗinsa zai nuna jiya.

Mataki na bakwai, shekara nawa zai yi ana kula da shi

Girman kamfanin da ke bayan firemwok ba garanti ba ne. AngularJS na Google ne, a 2016 suka fito da sabon Angular da aka sake rubutawa daga tushe, tsohon kuma aka daina kula da shi a ƙarshen 2021. Python 2 ya ƙare ranar 1 ga Janairu 2020. Create React App da kowa ya koya da shi an yi masa ritaya a farkon 2025. To ka duba jadawalin tallafi. Django yana da sigar LTS, wato mai dogon tallafi na shekara uku, 5.2 ta fito a Afrilu 2025 za a kula da ita har Afrilu 2028. Laravel duk shekara yake fitar da babbar siga, gyaran matsala wata 18, gyaran tsaro shekara biyu. Ma'ana in Laravel ka ɗauka to ka rubuta a yarjejeniya cewa akwai kuɗin sabuntawa, ka faɗa wa Alhaji tun yanzu kar ya ga kamar damfara ce daga baya. Fakej ɗin da za ka jingina da su ma ka leƙa GitHub ka ga yaushe aka taɓa su na ƙarshe, in an shekara biyu shiru gara ka rubuta naka, kiran API ɗin Paystack layi kaɗan ne.

Kuma bayanan yara ne za ka riƙe, sunaye da hotuna da lambobin iyaye. Dokar kare bayanai ta 2023 tana aiki, hukumar NDPC ce take kula da ita, wannan ma dalili ne na ɗaukar firemwok da ya zo da ɓoye fasawod da izini a jikinsa maimakon ka haɗa da hannu.

Ni in aka ba ni wannan makarantar kuma Alhaji ya ce naira kawai zai biya sau ɗaya a shekara, Laravel da Filament da mPDF zan ɗauka a kan cPanel. In ya yarda da VPS kuma wanda zai gaje ni ɗan Python ne, Django 5.2.

Duk wanda ka zaɓa, ka rubuta shafi ɗaya a README: me aka zaɓa, don me, wace siga, yanda ake ɗorawa, inda bakof yake da yanda ake dawo da shi. Domen ɗin, ko .com.ng ne ko .sch.ng, da hostin da asusun Paystack duk a buɗe su da suna da imel ɗin makarantar ba naka ba, kai a ƙara ka a matsayin mai taimako. Kod ɗin ma ya zauna a asusun GitHub na makarantar, sannan ka sa wa akawu ranar sabunta domen da hostin a kalandar wayarsa, wata ɗaya kafin lokacin.